A bar allurar sikeli ta tsaya



Wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa a Yauri ko Wara, lokacin da masunta ke sauke kifin tafkin Kainji, ya san yadda buhu ke yi idan an rataye shi a ƙugiyar sikeli. Da an sake shi sai ya yi ƙasa, ya dawo sama, allura na ta rawa.

Wannan rawar tana da ƙa'ida. A 1678 wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya bayyana cewa sifirin, irin wanda ke cikin sikeli, na miƙewa gwargwadon nauyin da aka rataya masa: kilo biyu na ja shi ninkin abin da kilo ɗaya ke ja. Buhu ya zarce ƙasa, sifirin ya fizgo shi. Ya zarce sama, nauyinsa ya mayar da shi. Kowane zuwa da dawowa lokaci ɗaya yake ci, ko rawar babba ce ko ƙarama. Kaya mai nauyi ya fi jinkiri, domin in aka ninka nauyi sau huɗu, lokacin na ninkuwa sau biyu.

Nauyin gaskiya yana tsakiyar rawar nan. Dillalin da ya karanta allura buhu na sama ya ci haƙƙin masuncin da ya kwana cikin ruwa. Sifirin da aka taɓa ɗora wa fiye da ƙarfinsa kuwa ba ya komawa yadda yake.

Dillalai da masunta, don Allah ku duba allura na kan sifili kafin awo, kuma ku jira ta tsaya cak.