Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirya Mota Da Gida Kafin Hunturu



 Maganar da na zo da ita yau ta shafi kowane magidanci a ƙasar nan, ko yana zaune a Sakkwato, ko a Jos, ko a Sabon Ibadan, ko a Agege ta Ikko. Magana ce a kan 'yan ayyukan da ya kamata mutum ya yi wa motarsa da gidansa da hannunsa kafin sanyi ya kankama, da kuma waɗanda tilas ne ya bar wa masu sana'ar.

Daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris iskar hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ta ratsa ƙasar nan har bakin teku. Yawancin ƙurar da take ɗauke da ita daga wani kwari ne da ake kira Bodele, a arewacin ƙasar Cadi, inda a zamanin da can ruwan babban tafki yake kwance. Abu uku iskar nan take kawo mana: ƙura, da sanyi, da bushewa. Ƙura tana toshe inji, tana rufe wa direba hanya. Sanyi yana kashe batirin da ya riga ya raunana, yana kuma sa mutane su kai wuta cikin ɗaki. Bushewa kuwa tana mai da kara da ciyawa da katako su zama abincin gobara. Ga shi kuma lokacin ya zo daidai da tafiye-tafiyen ƙarshen shekara da jigilar amfanin gona, sa'ad da hanyoyi suke cika maƙil. Hunturu bai cika ɓata abin da yake da lafiya ba. Wurin da aka yi sakaci yake nema, ya shiga ta nan.

Bari mu fara da mota. Abin da zan ambata bai fi aikin safiya ɗaya ba, kuma kayan aikin su ne tsumma, da sifana, da bokitin ruwa, da idon mai motar.

Na farko, matatar iska, wadda makanikai suke kira iyakilina. Inji yana shaƙar iska kamar yadda mutum yake yi, kuma duk iskar da zai shaƙa ta cikin matatar nan take bi. A buɗe akwatinta, a ciro ta, a ɗan bubbuga ta a hankali ƙura ta zube, sa'an nan a ɗaga ta sama wajen hasken rana. In haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki, sai a sayi sabuwa. Kada a wanke ta takarda da ruwa ko da fetur. Matatar da ta toshe tana rage wa mota ƙarfi, tsofaffin motoci masu kafireto kuma takan sa su shan mai fiye da kima. Amma mafi muni shi ne abin da waɗansu suke yi, watau su cire ta ɗungum wai don mota ta ƙara gudu. Ƙurar da za ta shiga sai ta haɗu da mai, ta riƙa cin cikin inji kamar yadda yashi yake cin tukunya wajen wanki. A lokacin hunturu a duba matatar nan kowane mako biyu.

Na biyu, baƙin mai. A tsai da mota a wuri mai daidai, inji yana a kashe kuma ya huce. A zaro ƙarfen awo, a goge shi da tsumma, a mayar, a sake zarowa. Kamata ya yi mai ya tsaya tsakanin alamun nan biyu da ke jikin ƙarfen. In ya yi ƙasa a ƙara irin wanda ke ciki. In kuwa an ga ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, to, ruwa ne yake shiga, wannan aikin makanike ne ba tare da jinkiri ba. Mai na gama-gari akan juye shi bayan tafiyar kilomita 5,000 ko kusa da haka, tare da matatarsa. Tsohon man da aka juye kada a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya.

Na uku, lagireto. Ba a buɗe murfinsa inji yana da zafi, domin ruwan yana iya feshowa ya saɓule fuskar mutum. A duba shi da safe kafin a ta da mota. Ruwan lagireto da ake sayarwa a galan ya fi ruwan rijiya, gama ruwan rijiya yana barin tsatsa da dattin da ke toshe hanyoyin ruwa. A matsa robobin ruwa da hannu, a duba fambel. Wanda ya tsattsage a sake shi tun a gida. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake kira tamostat, wadda take tsare ruwa har inji ya ɗauki zafin da ya dace. Makanikai da yawa sukan cire ta, suna cewa ta ƙasashen sanyi ce. Motar da aka cire wa ita takan daɗe ba ta yi ɗumi ba da safe, musamman a wurare kamar Jos da tsaunin Mambila, ta riƙa cin mai a banza. In ta lalace a sa sabuwa, kada a bar gurbinta fayau.

Na huɗu, batir. Sanyi yana rage masa ƙarfi, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri, saboda haka a daidai lokacin da inji yake neman ƙarin ƙarfi kafin ya tashi, a lokacin batir yake da ƙarancinsa. Shi ya sa kuke ganin ana turin motoci da asuba a watan Janairu. In an ga farin gari ya taru a kan batir, a kwance wayar da ke da alamar ragi tukuna, sa'an nan mai alamar tarawa. A wanke kawunan da ruwan kanwa mai ɗumi, a kula kada ya shiga cikin batirin, a goge, a ɗaure su tam, wayar ragi ita ce ta ƙarshe, a shafa ɗan man Basilin. Batir mai murafu a ƙara masa tataccen ruwan batir kaɗai. Kada a sha taba ko a ƙyasta ashana kusa da shi, domin yana fitar da iska mai kama wuta. Mai aikin wayar mota yana iya auna muku shi cikin minti ɗaya. Cikakken batir yakan nuna kamar bolt 12.6 in inji yana a kashe.

Na biyar, tayoyi, kuma a nan ne rai yake. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da aka rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin littafin mota, kada a bar wa mai faci ya ƙiyasta da bugun ƙafa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana zafi a doguwar tafiya har ta fashe, tana kuma ƙara shan mai, abin da ba wanda zai so tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna ranar haihuwarta. In kun ga 2321, ma'anarsa an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta sha jan kunne a kan tayar da ta haura shekara 4, ko da zanenta yana da kyau a ido, domin roba tana tsufa ta bushe. Wannan ya fi shafar tayoyin gwanjo da ake shigowa da su. Araha ba ta ado, balle a kan abin da yake ɗauke da iyalinka. Kada kuma a manta da safaya, da jak, da alamar nan mai kusurwa uku, da tukunyar kashe gobara.

Na shida, gilashi da fitilu. Kada a kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, tana karce gilashi, karcen kuma shi ne yake watsa hasken motar da ke tahowa ya kashe wa direba ido da dare. A cika tankin ruwan wanke gilashi, a sake robar waifa in ta bushe. A sa yaro ya tsaya bayan mota ya faɗa ko fitilar birki da ta sigina suna kamawa. Cikin hazo a kunna ƙaramar fitila ko da rana ne, gama babbar tana bugun ƙura ta dawo wa direba. A rage gudu, a bar rata, kada a wuce wata mota inda ba a ganin gaba, haka nan in an tarar da hayaƙin ƙunar daji ya rufe hanya.

Game da birki, abin da ke hannun mai mota shi ne ya duba mansa, ya kuma saurara. In man yana raguwa, ko birki ya yi laushi a ƙafa, ko yana ƙara, ko mota tana ja gefe ɗaya in an taka, a kai wa gwani. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita.

To, sai gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yanzu da ruwa ya ɗauke shi ne lokacin gyara, tun ba a manta wurin ba. A zagaya gida a duba abin da damina ta bari. Bangon ƙasa da ya zaizaye a yi masa yaɓe, na siminti da ya tsage a cike shi, a riƙa yayyafa wa sabon aikin ruwa kwana da kwanaki, don iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya kama. Kwanon rufi da ƙusarsa ta saki a sake buga shi. Gilashin taga da ya fashe a sake shi, a toshe ƙarƙashin ƙofa, a rataya labule mai kauri ko asabari a ɗakin yara da na tsofaffi. A rufe randa da rijiya da tankin ruwa saboda ƙura.

Sa'an nan maganar gobara. Waɗanda suka ga yadda wuta ta ci babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021 sun san abin da take yi in ta sami iska da busassun kaya. A nome ciyawar da ke kewaye da gida da rumbu, a bar fili fetal mai faɗin taku da yawa. A nisanta tarin kara da harawa daga madafa. Kada a ajiye jarkar fetur a cikin ɗaki ko ƙarƙashin matakala. Iyayenmu mata masu girki da gas, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a jikin robar tukunya da mahaɗarta. Inda kumfa ya taso, nan gas yake fita, sai a rufe tukunya a sake robar. In mai ya kama wuta a kasko, a rufe shi da murfi, kada a watsa masa ruwa. Hitar dafa ruwan wanka kada a bar ta a jone a fita, ko da an ɗauke wuta, domin ana iya kawowa ba kowa a ɗakin. Soket da ya yi baƙi ko yake zafi, da wayar da ɓera ya ci, a kira mai aikin lantarki. Wannan ba aikin gwaji ba ne. A ajiye bokitin yashi a inda kowa ya sani, a kuma koya wa yara lambar neman agajin gaggawa, watau 112.

Abu na ƙarshe shi ne wanda na fi so ku riƙe. Kowace shekara akan wayi gari a tarar da mutanen ɗaki guda sun rasu cikin barci, ba rauni, ba alamar wuta. Garwashin da aka shiga da shi ɗaki don jin ɗumi, da janareta da aka kunna a baranda ko a zaure, da motar da aka bari tana ɗumi a rufaffen gareji, duka suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Farkon alamarta ciwon kai ne da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Saboda haka a ji ɗumi a fitar da kaskon wuta waje kafin a kwanta. Janareta a ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa. Duk yadda aka toshe ɗaki saboda sanyi, a bar wata kafa da iska za ta riƙa shiga. In an sami wanda hayaƙin ya buge, a fitar da shi sarari nan take, a buɗe ƙofofi, a garzaya da shi asibiti.

Jama'a, Gwamnati tana da ma'aikatan kashe gobara da na kiyaye haɗurra, amma su bayan abu ya faru suke isowa. Wanda yake wurin kafin ya faru shi ne mai gida da mai mota. Ina roƙon kowane magidanci ya ware Asabar ɗaya kafin Nuwamba ta ƙare, ya ba mota safiya, ya ba gida yamma, ya kuma sa 'ya'yansa a gaba su gani su koya. Shugabannin direbobi a tashoshi, da sarakunan Hausawa a garuruwan Kudu, da limamai, da masu unguwanni, a taimaka a isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su ji ba.

Allah Ya kai mu bazara lafiya, Ya tsare mu a gida da kan hanya.