MA'AIKACIN ASIBITI MA TALAKA NE

'Yan'uwana talakawa da 'yan kasuwa, na ji kukan da kuke yi da ma'aikatan asibiti. Kun ce nas tana daka muku tsawa, likita kuwa ko ɗaga kai ba ya yi ya dube ku. Gaskiya ne, ni ma an yi mini. Amma ina so mu bi sawun abin mu ga daga inda ya taso.

Kwanan baya na yi jinyar ƙanena a wani asibiti. Da dare nas ɗaya tak ke riƙe da ɗakin maza duka. Gari ya waye, wadda za ta canje ta ba ta zo ba, sai ta zarce, ga shi kuwa ta baro goyo a gida. Sa'ad da babbansu ya shigo, ko sannu bai ce mata ba, sai faɗa a gaban majinyata. Kai mahauci, kai ɗan koli, in magariba ta yi kakan rufe rumfa ka tafi wurin iyalinka. Ita fa? Wanda aka hana shi barci, aka kuma ci mutuncinsa, ina zai samo fara'ar da zai yi muku?

Wannan irin mulkin danniya daga sama ya gangaro. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Har zuwa 2021 kuɗin kasada da ake ba ma'aikacin lafiya naira 5,000 ne a wata, watau ladan wanda ke tsayawa a kan mai zazzaɓin Lasa ke nan! A 2019 Ministan Ƙwadago Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya ce likitoci sun yi mana yawa, mai son fita ya fita. To, sun ji. A 2024 Ministan Lafiya ya faɗa da bakinsa cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Aikinsu duka ya koma wuyan waɗanda suka rage.

Saboda haka in ɗan majalisarku ya zo kasuwa neman ƙuri'a, kada ku bari ya tsaya ga zancen sabon gini. Ku tambaye shi: nas nawa aka ɗauka bana a asibitin garinmu? Awa nawa kowacce ke yi kafin a sallame ta? In shugabanta ya zalunce ta, wurin wa za ta kai ƙara? In ya ce zai bincika, ku sa masa rana, sakataren reshe ya rubuta.