Hunturu Ba Lokacin Zama Ba Ne

Jawabin da aka gabatar a zauren taron ƙungiyar ɗalibai



An nemi in yi magana a kan zaman yau da kullum na matashi mai ilmin zamani. Fagen nan kuwa yana da faɗi ƙwarai, saboda haka na ga ya fi kyau in yanko watanni huɗu kaɗai daga cikin shekara, watau na hunturu, mu duba yadda magabatanmu suka tafiyar da su, sa'an nan mu auna da yadda mu muke yi a yau.

Bahaushe ya kasa shekara kashi huɗu: bazara, damina, kaka da rani. Hunturu a farkon rani yake, daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, lokacin da busasshiyar iska take kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, wadda mai yawa daga cikinta take tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Kowa ya san halinsa. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, hazo ya hana jirgin sama sauka. Amma ga mutumin karkara wannan shi ne lokacin da yake samun kansa. Gero da dawa sun shiga rumbu, hanyoyi sun bushe, rafuka sun janye, rana kuma ba ta da ƙuna. Don haka ne kusan dukkan tafiye-tafiye da wasanni da manyan ayyukan da ba na gona ba aka tara su cikin waɗannan watanni.

Mu fara da fita. Da an gama kaka fatake suke ɗaura wa jakuna kaya, 'yan cin rani su nufi birane, almajirai su bi malamansu, samari su yi gangamin farauta, masunta su jira ranar da za a buɗe su. Mafi shahara a wannan fanni shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan gaba mai tsawo. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Ku lura da cewa taron da ake ɗauka na nishaɗi ne kawai, asalinsa gyaran zumunci ne tsakanin dauloli biyu.

To, ina ɗalibin yau yake zuwa idan hutu ya zo? Mafi yawanmu daga ɗakin kwana sai gida, daga gida sai majalisar ƙofar gida. Ga gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma da rani aka fi ganin namun dajinsa, domin ciyawa ta bushe, dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji. A can ne maɓuɓɓugar Wikki take, wadda ɗumin ruwanta yake tsaye wajen digiri 31, ɗari ko zafi. Lalle matsalar tsaro ta toshe waɗansu hanyoyi a shekarun nan, kuma ba mai hankalin da zai ce a kai ɗalibai inda ake fargaba. Sai dai dutsen Dala yana tsakiyar Kano, Kufena yana bayan Zariya, hasumiyar Gobarau tana cikin Katsina, Hubbaren Shehu yana cikin Sakkwato. Mutum nawa ne a zauren nan suka taɓa zuwa ko da biyu daga cikinsu? Abin da ya sa nake damuwa shi ne, gobe ku ne za a ba alƙalami ku tsara wa ƙauyuka rijiyoyi da makarantu, alhali kuwa ba ku taɓa taka ƙasarsu ba.

Sai wasa. Dambe da kokawa wasannin bayan kaka ne. Mahauta su ne tushen dambe, suna bin garuruwa ana kafa fage, makaɗa suna zuga jarumai, kamar yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago har ya wuce iyakar ƙasar Hausa. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun fi mu riƙe wannan gado, domin tun 1975, da aka fara a Tawa, suke shirya gasar kokawa ta ƙasa baki ɗaya, inda jihohi suke turo gwanayensu, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Idan gasar ta zo, rediyo da talabijin ba su da wani zance sai ita.

Ƙwallon ƙafa ma muna da tarihi a cikinta. Mighty Jets ta Jos ce ta ci gasar lig ta farko a Nijeriya a 1972. Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci kofin ƙalubale a 1991 da 1992, ta sake ci a 2024. Plateau United ta ci lig a 2017. Daga Pillars ne Ahmed Musa ya tashi zuwa Turai.

Duk da haka, ku shiga gidan kallo ranar Asabar da yamma ku ga abin mamaki. Saurayi ya san albashin ɗan wasan Arsenal ko Real Madrid, ya san ranar da aka saye shi da kuɗin da aka biya, amma bai san sunan mai tsaron gidan ƙungiyar jiharsa ba. Abokai su yi kwanaki ba sa gaisawa saboda wasan da aka buga a Ingila, waɗanda suka buga shi kuwa sun rungumi juna tun a fili. Ba na hana kowa kallon gwanaye, domin ido yana son abu mai kyau. Tambayata ita ce, me ya rage a gida? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Har wa yau, dole mu faɗa wa kanmu gaskiya game da filayenmu: an sha cin tarar ƙungiyoyi, an sha rufe filaye, saboda magoya baya sun jefi baƙi ko sun daki alƙalin wasa. Magidanci ba zai kai ɗansa inda ake jifa ba. A fagen dambe, idan an yi kisa, watau an kai mutum ƙasa, wasa ya ƙare ke nan, kowa ya koma sansaninsa. Ladabin da mahauta suka iya bai kamata ya gagari ɗan jami'a ba.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne aiki. Da rani ake yin tubali, a yi gini, a yi yaɓe, a ɗaura jinka, a haƙa rijiya, kuma yawanci ta hanyar gayya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, da ta Bakolori a 1978, sai noman rani ya ƙaru a kan wannan. Manomin Kadawa da Kura ba ya kukan sanyi, domin alkama sai da shi take yi. Wanda bai shuka ba tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba, zafin Maris zai riski alkamarsa kafin ta cika ido.

A nan nake so ma'aikata su ba ni aron kunnuwansu. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa a Janairu, ta ƙare a Disamba. Idan ma'aikaci ya jira sai an sa hannu a kasafi kafin ya fara auna fili, ya rubuta takarda, ya nemi 'yan kwangila, to kafin fayil ya gama zagaya tebura watannin bushewa sun wuce. Sai a fara haƙa harsashi ruwa yana bisa, mota ta kafe a laka, siminti ya jiƙe, ɗakin karatun da iska ta yaye ya sake shekara babu rufi, yara suna zaune a gindin bishiya. Ba kullum rashin kuɗi ne yake kashe aiki ba, sau da yawa rashin sanin lokaci ne. Shawarata ita ce a yi aikin takarda da damina, a yi aikin fili da rani. Tun ran gini, tun ran zane. Haka ɗalibin shekarar ƙarshe da zai yi bincike a karkara: da hunturu ne manomi yake da sararin zama ya amsa tambaya, idan damina ta faɗi ba za ka same shi a gida ba.

Kafin in zauna, ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya abu uku. Ku shirya fita ɗaya kowane hunturu zuwa wani wurin tarihi na kusa, tare da malami mai bayani. Ku sa kokawa da langa cikin gasar wasannin ɗakunan kwana, kusa da ƙwallon ƙafa, kuma ku riƙa zuwa kallon ƙungiyar jiha a ƙungiyance, cikin natsuwa, domin na baya su ga misali. Sa'an nan ku zaɓi aikin gayya guda ɗaya a unguwar da ke maƙwabtaka da jami'a, ko yashe kwata, ko gyaran aji, ku gama shi kafin ruwan farko ya sauka.

 Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya sa mu ga damina da alheri.