Neman Tushen Farfaɗiya Kafin A Ɗauki Wuƙa



Dukkanmu mun san yadda ake yi a ƙauyukanmu idan mai farfaɗiya ya faɗi. Jama'a su watse don gudun miyansa, a ce aikin iskoki ne, a hana shi makaranta, a hana shi aure. Rashin sani ya fi dare duhu. Farfaɗiya ba a ɗaukarta. Hargitsi ne na lantarkin ƙwaƙwalwa. Sau da yawa tabo ne ke haddasa ta, wanda wahalar haihuwa, ko zazzaɓin cizon sauro, ko haɗarin babur, ko sanƙarau irin na 1996 ya bari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun kai miliyan 50, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su rabu da faɗuwa in sun sami kulawar da ta dace. Waɗanda magani ya gagara, wasunsu tiyata ce mafitarsu. Tun 1886 Victor Horsley ya yi irin wannan aiki a Landan. Amma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: likita ba ya yanka sai ya san inda wutar ke tashi, don kada ya taɓa mazaunin magana ko na tunawa.

To, yaya ake ganowa? Na'urar EEG, wadda Hans Berger ya fara gwadawa kan ɗan Adam a 1924, tana rubuta motsin lantarkin. Hoton maganaɗisu na MRI yana nuna tabon, galibi a sashen ƙwaƙwalwa na daura da kunne. Hoton PET kuwa yana bayyana wurin da ba ya cin sukari sosai. Idan shaidun nan suka haɗu a wuri ɗaya, sai a yanka. A wani bincike na Kanada a 2001, kashi 58 na waɗanda aka yi wa tiyata sun rabu da faɗuwa mai gusar da hankali, alhali masu shan magani kaɗai kashi 8 ne.

Mu da aka ilmantar da dukiyar talakawa, nauyi yana wuyanmu. Mu faɗa wa iyayenmu: wanda ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, a nisanta shi da wuta da rijiya, kada a cusa masa cokali a baki. A kai shi Babban Asibitin Gwarzo. In magani ya gagara, a nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.