In Littafi Ya Yi Shiru, Jagora Ya Yi Magana

 Yau hirarmu kan wani wasa ce da ake yi a zaune, an kewaye tebur, ga takarda da fensir da 'ya'yan lido. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa magana da bakinsa. In jarumi zai yi kasada, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Wanda ya fi suna shi ne Dungeons & Dragons, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

A 1978 aka fitar da wani, RuneQuest, wanda aka ɗora kan duniyar ƙage mai suna Glorantha, ƙirƙirar Greg Stafford. A wannan duniyar jarumai kan shiga cikin tsohuwar almara, su taka sawun magabata, don su samo wa ƙauyensu ruwan sama ko waraka. Babbar almarar ita ce ta Orlanth mai iko da iska, wanda ya kashe Yelm sarkin rana, duniya ta yi duhu, har ya tafi ƙasar matattu da abokan tafiya shida don a dawo da shi.

To, wannan an rubuta ta dalla-dalla. Amma ka ce kai ne jagora, abokanka suka ce su almarar wani ƙaramin kogi za su bi. Ka buɗe littafi, layi biyu kacal. Ga mutane sun baro harkokinsu sun zauna, sun zuba maka ido. In ka ce a dakata sai ka bincika, wasan ranar ya mutu.

Kar ka dakata. Tambayi kanka abu uku: me jama'a suka rasa, wa ya tare hanya, me jarumi zai nuna ko ya sadaukar kafin a yarda da shi? Dubi labarin Bayajidda. Mutanen Daura ba sa samun ruwan rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, maciji ya hana. Baƙo ya kashe shi, kuma kan macijin ne shaidarsa da masu ƙarya suka taso. Wannan ƙashin bayan ya isa ka gina tafiyar kogin nan.

Sannan ka raba aikin. Ka ce wa ɗan wasa, "Kakar jaruminka yaya take ba da wannan labari?" Abin da ya faɗa, ka karɓa. Ai mun sani, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta gidanku daban da ta gidanmu, kuma ba wanda ya taɓa cewa a kawo littafi a raba gardama.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Duk abin da ka ƙaga, rubuta shi nan take, don 'yan wasa ba sa mantuwa. In sunan dodon ya canja mako mai zuwa, sun daina yarda da kai. Kuma in ɗan lido ya ƙi su, kar ka gyara musu. Bari kogin ya ƙafe, su koma ƙauye su fuskanci dattawa. Wasan mako mai zuwa ke nan ya samu.

Mu kwana nan. Sai Allah ya kai mu wani makon, a huta lafiya.