Shimfiɗar Hanya Ita Ma Jari Ce: Jawabin Kwamitin Walwala a Taron Zagayowar Shekara

 

Kwamiti ya ba mu 'yan mintoci, kuma za mu kashe su kan abin da ba a cika kawowa taro ba, wato abin da muke kwana a ciki idan dare ya same mu a hanya.

Dukanmu mun san kwanan iyaka. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a 2023 kuma aka sake rufe iyakarta da Nijar. Motoci suka yi layi a Illela da Ƙonni, a Jibiya da Ɗan Isa, a Gaya da Malanbil. Wanda ya fito da shirin kwana biyu ya yi makonni. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawanmu mun kama ɗaki a cikin gari, yaron da ke gadin kayanmu kuwa yana gefen taya da zane ɗaya. A watan Janairu sanyin dare a Maraɗi kan sauka wajen digiri 13, a Agadas ya fi haka tsanani, a Bilma har an taɓa auna ƙasa da sifili. Yaron da ya kwana yana rawar ɗari ba zai iya gadi ba, ba zai iya lodi da safe ba.

Bargo yana da kyau, sai dai yana da nauyi, yana cin wuri, iska kuma tana shiga ta gefensa. Shi ya sa muke ba da shawarar buhun barci, wannan mai zif da ake samu a dilar gwanjo. Ga abin da za a duba kafin a biya.

Na farko, lambobin da ke jikinsa. Na Turai yawanci suna da uku: Confort, Limite da Extrême. Ta farkon ita ce tamu, domin ita ce sanyin da mutum zai yi barci cikin daɗi. Ta ƙarshen tana nufin mutum zai iya kai safe da rai ne kawai, kada mai sayarwa ya ruɗe mu da ita. Idan na Amurka ne, ma'auninsu daban: 50 nasu shi ne 10 namu, 32 nasu shi ne sifili. Mai bin hanyar Kano, Maraɗi da Damagaram, wanda Confort ɗinsa ke wajen 10 ya ishe shi. Mai hawa Agadas zuwa Dirku ya nemi na 5 ko ƙasa. A tuna na gwanjo ya sha jiki, ɗuminsa bai kai abin da aka rubuta ba.

Na biyu, abin da aka cusa a ciki. Akwai mai gashin agwagwa, mara nauyi, mai ɗumi sosai, amma da ya jiƙe ya tashi aiki, kuma yana daɗewa bai bushe ba. Akwai mai audugar roba, ya fi girma a ɗaure, amma yana jure raɓa da wanki. Ga mai kwana a tasha, na roba ya fi. A girgiza shi a gani: idan ya kumbura yana da sauran rai, idan ya kwanta kamar zane a bar shi, araha ba ta ado. A ja zif sama da ƙasa, a shiga ciki a gwada tsawo.

Na uku, ƙasa ita ke janye ɗumin jiki, domin nauyin mutum yana danne abin da ke ƙarƙashinsa. Ko buhun ya kai nawa, sai an shimfiɗa tabarma da kwali ko soso. A sa hula da safa. Kafin a shiga a kakkaɓe saboda kunama. Da damina gidan sauro ya fi komai muhimmanci. Idan an saya a wanke a shanya a rana saboda kuɗin cizo, idan an dawo gida kuma a warware shi, kada a bar shi a matse.

Sai gargaɗi biyu. Kada a shiga da kaskon gawayi cikin mota ko ɗaki a rufe. Yana fitar da iska mara wari wadda ke kashe mutum cikin barci. Buhun roba kuma narkewa yake kusa da wuta. Sannan kada kowa ya kwanta ƙarƙashin mota ba da sanin direba ba.

Roƙonmu ɗaya ne. Kafin hunturu ya shigo, kowane maigida ya ƙirga mutanen da ke bin kayansa, ya tanadar wa kowannensu shimfiɗa, ya rubuta kuɗin a littafi tare da na tamfol da igiya. Iyayen yaran nan amana suka ba mu.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya nuna mana baɗi lafiya.