Wa ke riƙe da takardar pampon garinku?



An nemi in yi magana a kan haɗin gwiwa tsakanin hukuma da ƴan kasuwa wajen ayyukan gari. In aka ta da wannan batu a Yamai, hankali yakan tafi ga manyan kwangiloli, irin filin jirgin sama na Diori Hamani da kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta a 2019 bisa sharaɗin zai riƙe shi shekara 30. Ni ba can na dosa ba. Maganata a kan shaton ruwan ƙauye ce, da pampon unguwa, da tikitin kasuwa, da amalanken kwasar shara, inda talaka ke haɗuwa da ɗan kwangila kowace safiya da ƴar dalarsa a hannu. Zan fi tsayawa kan ruwa, domin shi ne ba a ɗaga wa sai gobe.

Mun ga babban samfuri a 2001, lokacin da aka raba kamfanin ruwa na ƙasa gida biyu. SPEN ta riƙe kadarori da sunan gwamnati, SEEN kuma, wadda kashi 51 cikin ɗari na jarinta ke hannun Faransawan Vivendi, wato Veolia ta daga baya, ta karɓi aikin tacewa da sayarwa. Haka aka tafi har ƙarshen 2023, sa'annan NDE ta gaje ta a farkon 2024. Amma wannan tsari na birane ne. Dubban garuruwan karkara ba su taɓa shiga cikinsa ba.

Su nasu rabon ya zo ta wata hanya. Zaɓen ranar 24 ga Yuli 2004 ya kafa majalisun kwamin 265, aka ɗora musu nauyi mai yawa da aljihu maras nauyi. Dokar ruwa ta 2010 ta buɗe ƙofar a ba ɗan kasuwa riƙon ƙananan shatoci. Ga yadda abin yake: rijiyar burtsatse da shato da bututu mallakar jama'a ne. Magajin gari ya ƙulla yarjejeniya ta ƴan shekaru da mai riƙo. Mai riƙo ya sayi gazuwal ko ya kula da faranti masu aiki da hasken rana, ya biya masu tsaron pampo, ya sayar da ruwa a farashin da aka tsayar. Daga abin da ya shiga ya cire nasa, ya ba kwamin nata, ya zuba wani kaso a asusun sabunta kayan aiki. Ƙungiyar masu shan ruwan kuwa ta sa ido.

A ganina wannan ya fi tsohon tsarin kwamitin gari, inda ma'aji ke ajiye kuɗi a gida, a ranta wa wannan don suna, a ranta wa wancan don iri, ranar da inji ya tsaya a tarar da akwati wayam. Mutumin da abincinsa ke fitowa daga pampo ba ya bari pampo ya kwana a kashe. Kada mu raina wannan.

Sai dai asusun sabuntawar nan shi ne zuciyar lamarin, kuma shi ne ba a gani da ido. Injin jawo ruwa yana da wa'adinsa. In mai riƙo ya yi shekaru yana jinkirta zubi, ruwa zai ci gaba da zuwa, ba mai ƙorafi, har ranar da injin ya mutu tsakiyar bazara. A ranar ne mata za su koma rijiya da guga, yara su bar lakkwal su bi jakuna, wanda ba shi da ƙarfin tafiya ya sayi jarka hannun ƴan ga-ruwa da tsadar da ta wuce ta mai pampo a gida. Kuma in mai riƙon ƙanen mai faɗa a ji ne a jam'iyya, ko shi ya ɗauki nauyin yaƙin neman zaɓe, wa zai ce masa kawo lissafi? Haka ma tikitin kasuwa: an ba mutum karɓa, ba mai ƙidaya kundin da aka buga.

Dokokin haɗin gwiwa na 2011 da 2018 an ɗinka su ne daidai jikin manyan ayyuka. Ƙaramar kwangila abin da ke tsare ta shi ne idon mutanen gari. To, a watan Afrilu 2024 an rusa majalisun kwamin, aka naɗa kantomomi a madadinsu. Kansilan da talaka zai tare a bakin masallaci ya tambaye shi ya sauka, yarjejeniyoyin kuwa ba su sauka tare da shi ba.

Don haka roƙona ƙarami ne. A fassara kowace yarjejeniya zuwa Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a lika ta a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a karanta ta a rediyon gari don waɗanda ba su yi boko ba. Kowane wata uku a faɗi abin da mita ta nuna da abin da ya shiga asusu, kuma kada a fitar da ko dala sai da sa hannun wakilin masu shan ruwa. Ku da kuka zo daga Tasawa da Mirya da Madawa, in kun koma gida ku tambayi nawa ke cikin asusun shatonku, kuma a wane banki yake.